Ruwa Na Allah Ne, Sakaci Na Mutum Ne

Akwai wata magana guda wadda ta fi ko wace yawo a tashoshin mota na Sabon Birni da Isa, musamman in damina ta yi tsakiya. In ruwa ya ci mota a mashigi, sai a ce, "Allah ya kawo." In iska ta yaye rufin shago ta haɗa da faifan sola, sai a ce, "Allah ya kawo." In shinkafa ta bushe a fadama don mai ita ya kasa sayen fetur na ban ruwa, nan ma dai, "Allah ya kawo." Maganar gaskiya ce, ba Musulmin da zai musa ta. Amma gaskiya ma a kan are ta a yi wa ƙarya lulluɓi. Mutum uku ne ke fakewa da wannan magana a ƙasar Gobir: mai sakaci wanda ba ya son a ce ya yi sakaci, da mai karɓar kuɗin jama'a wanda ba ya son ya biya, da mai ciniki wanda ba ya son a rabu da hajarsa. Su ukun nan ne za a tone a nan, domin ruwa na Allah ne, amma sakaci da cuta na mutum ne.

Sama Ta Sake Hali

Da farko sai a san ƙasar da a ke magana a kanta. Isa da Sabon Birni suna zaune ne a bakin hanyar ruwa. Gulbin Bunsuru da na Gagare su kan kwaso ruwan ƙasashen Katsina da Zamfara, su haɗu su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuwa ya kan taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, ya kewayo ya sake faɗowa cikin Rima a wajejen Sabon Birni. Daga nan ruwan ya gangara madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, ya wuce Sakkwato. Watau ko ba a yi ɗigo ɗaya ba a Gatawa ko Bafarawa, hadarin da ya zuba a Jibiya ko Ƙauran Namoda sai ya iso ya yi sallama.

Tsofaffi sun san fari. Sun ga na 1972 zuwa 1974, sun ga na 1983 da 1984, sa'ad da shanu suka yi ta faɗuwa, aka tone gidajen tururuwa don neman hatsi. Abin da ya ke sabo shi ne yadda ruwan ya ke zuwa yanzu. A watan Satumba na 2010 Rima ta tumbatsa, ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya ci garuruwa da gonaki a kwarin, har ya karya gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin garin Sakkwato. A 2012 ambaliya ta kashe mutum fiye da 360 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A watan Yuli na 2018 ruwan dare ɗaya ya hallaka fiye da mutum 40 a Jibiya. A 2022 waɗanda suka mutu a ƙasar sun haura 600. A 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, a Nijar kuma ruwa ya kashe ɗaruruwa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A bazarar wannan shekarar kuma aka yi zafin da ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali.

Ruwa ba ya tsami banza. Masana sun bayyana dalili, kuma dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hayaƙin kwal da fetur da gas da duniya ta yi fiye da shekara 150 tana ƙonewa ya taru a sama, ya zama kamar bargo, yana hana zafi fita. Iska kuwa in ta ƙara zafi da digiri ɗaya, ta kan iya ɗaukar laima ƙarin kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke shi. Waɗansu masana da suka duba hotunan sama na shekara 35, tun daga 1982, sun buga a 2017 cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi na yankin Sahel sun ninka sau uku. Don haka ne manomi zai ga an yi kwana ashirin ba ruwa, gero ya fara murɗewa, sa'an nan ruwan wata guda ya sauka cikin dare ɗaya ya tafi da kwalbati.

To, wanda aka gaya wa haka tun da wuri, in ya zauna bai yi shiri ba, sunan abin da ya yi tawakkali? A'a, sunansa sakaci. Malamai sun karantar cewa da wani Balarabe ya yi tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umurnin da aka ba shi shi ne ya ɗaure ta tukuna. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka nuna masa shekarun yunwa na tafe, bai ce a zauna a jira ba, cewa ya yi a tara hatsi. Mutanen Maraɗi ma, da ruwa ya ci tsohon garinsu na cikin kwari a 1945, ba su sake gini a gurbin jiya ba, tudu aka hau. Ba wanda ya ce imaninsu ya ragu don haka.

Takardar Tsoron 'Yan Sanda

Yanzu sai a zo ga mota, wadda ita ce raƙumin zamanin nan. A ɗauki misalin wani mutum wanda ya sayar da shanu biyar ya sayi mota, yana ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsakanin Sabon Birni da Shinkafi. Ko wace shekara ya kan ba wani ɗan kamasho kuɗi, a kawo masa takardar inshora, ya ninke ya sa cikin leda. Bai taɓa buɗe ta ba. Ran nan ya iske ruwa ya hau kan mashigi, fasinja suna gaggawa, ya ce bismillah ya kutsa. Injin ya shaƙi ruwa ya tsaya cik, ruwa ya juya motar ya kai ta cikin kwazazzabo. Allah ya kiyaye rayuka. Bayan kwana uku ya ɗauki takardarsa ya nufi Sakkwato.

Ya ce wa akawu, "Malam, ga takardata. Ruwa ya ci motata."

Akawu ya duba ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Wannan takarda ba ta motarka ba ce, ta motar wanda ka buge ce."

Ya ce, "To, shekara shida ina biya, me na saya ke nan?"

Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kariyar wani ka saya."

Akawun bai yi ƙarya ba. Inshorar mota iri biyu ce manya. Ta fari ita ce ta tilas, wadda aka kafa dokarta tun 1945, ta fara aiki a 1950. Ita ba ruwanta da motar mai ita. Aikinta shi ne in direba ya buge mutum, ko motar wani, ko katangar wani, kamfani ya biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu, 2023 ko wane mai mota ya ji ta a aljihu, domin a ranar ne hukumar kula da inshora ta ƙasa, watau NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta biyu ita ce mai gamewa, wadda ta haɗa da motar mai ita in ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko aka sace ta. Ita wannan an ƙayyade kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Watau motar Naira miliyan 4, inshorarta Naira 200,000 ce a shekara, ko fiye.

Laifin mai motar nan a fili ya ke. Bai sayi takardar don ta kare shi ba, ya saye ta ne don ya wuce shingen 'yan sanda, balle tun da aka tsananta bincikenta a watan Fabrairu na 2025. Ya mai da ita laya. Ga shi kuwa ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya iya karanta wasiƙar ɗansa, amma takardar da ya ke biya wa kuɗi shekara shida bai taɓa tambayar abin da ke cikinta ba. In an ce da Turanci aka rubuta ta, ai a garinsu akwai malamin makaranta. Karatun da bai kai mutum ga bincika abin da ya saya ba, bai gama nuna ba. Kuma ba inshorar da ta ce direba ya kutsa cikin ruwan da bai san zurfinsa ba. Ruwan da ya kai gwiwa, in yana gudu, ya isa ya ɗauke ƙaramar mota.

Masu Karɓa Da Hannu Biyu, Su Biya Da Ɗan Yatsa

Amma kada a ɗora wa talaka kaya duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaskiya ne, amma wannan bai wanke ƙadangare ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora da kanta ta sha faɗa cewa cikin motocin Nijeriya, kimanin miliyan 12, masu inshora ta gaskiya ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran fa? Da yawansu suna ɗauke da takardar jabu, wadda wani ya buga a bayan ofishin lasin, da hatimi da sa hannu, ba kamfanin da ya san da ita. Mai sayar da irin wannan takarda ɓarawo ne, ko da ya sa babbar riga. Ya saci kuɗin mai mota, ya kuma saci diyyar marayan da motar za ta bari.

Waɗansu kamfanonin na gaskiya su ma ba su tsira ba. Ran karɓar kuɗi wakilinsu ya kan zo har gida, da fara'a da "ranka ya daɗe". Ran biya kuwa sai a buɗe shafin ƙananan baƙaƙe. A nan ne mai inshora mai gamewa zai ji cewa sau da yawa ambaliya da guguwa ba sa ciki sai an ƙara su a rubuce, an kuma ƙara kuɗi. A nan ne zai ji cewa ɓarnar tarzoma da ta'addanci ita ma ba ta ciki. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da 'yan bindiga suka ƙone mota da matafiyanta a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa a watan Disamba na 2021. Sa'an nan a ce ya kawo rahoton 'yan sanda, ya kawo hoto, ya jira mai ƙiyasta ɓarna ya zo daga birni, alhali mai ƙiyastawar ba zai bi wannan hanya ba ko an ba shi doki da sirdi. Turawa suna da wata kalma a cikin dokokinsu wadda ma'anarta ita ce aikin Allah, watau ɓarnar da ba hannun mutum a ciki. Abin mamaki, sai ga wanda bai tuna da Allah ba ran karɓa, ya tuna da Shi ran biya.

Ba a ce kamfani ya biya abin da bai yi alkawari ba. Abin da a ke cewa shi ne, wanda ya sayar wa mutumin Gobir inshora, ya san motarsa fadamar Rima za ta bi, bai gaya masa da Hausa cewa ruwa ba ya ciki ba, ya ci amana ko da doka ba ta kama shi ba. Ciniki na gari shi ne wanda mai haja ya faɗi aibinta. A watan Agusta na 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta kuma tsananta a kan biyan haƙƙi cikin lokaci. Madalla. Amma doka a Abuja, in ba ta iso tashar Isa ba, rubutu ce a kan ruwa.

Ko Inshora Caca Ce?

Akwai masu cewa duk wannan magana ɓata baki ce, domin inshora caca ce da riba, Musulmi ba ya kusantarta. Ba za a raina wannan magana ba, gama malamai da yawa sun yi suka ga inshorar da aka saba, saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin da kuma ribar da a ke juya kuɗin da ita. Amma malaman nan ba su tsaya ga suka ba, sun nuna mafita. Sun ce a yi takaful, watau jama'a su zuba kuɗi cikin asusu guda da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a ba shi, mai tsaron asusu a biya shi ladan aikinsa, abin da ya yi saura kuma a raba wa masu zubi. An kafa kamfanin farko na irin wannan a Sudan a 1979. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013, daga baya aka ba kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful izni.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangi, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Mata suna adashi. Samari suna gayya. In gobara ta ci rumbun maƙwabci, ko wane gida ya kan aika da dami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka wanda ya ce ya ƙi inshora don tsoron Allah, sa'an nan ya sayi ta jabu don tsoron ɗan sanda, ya kuma ƙi takaful don ƙyashi, sai ya sake duba wanda ya ke tsoro da gaske.

Kaza Ta Kwana Kan Dami

Sai magana ta uku, wadda a ke ta gardama a kanta a majalisu, watau wutar rana, wadda a ke kira sola. Me ya haɗa ta da mota da ambaliya? Abu guda ne: ita ma dabara ce ta rage asara a zamanin da sama ta sake hali, kuma ita ma jahilci da masu cuta sun tsaya mata a ƙofa.

Ga yadda al'amarin ya ke. Ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato ba su taɓa ganin turken lantarki ba, inda aka kafa kuwa, sau da yawa waya ce kawai ba wuta. A watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Fetur kuwa, wanda lita ba ta kai Naira 200 ba kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai noman rani a fadamar Rima, wanda injinsa ke shan fetur kamar raƙumi, shi ya san abin da wannan lissafi ya ke nufi. Alhali kuwa ƙasar Sakkwato tana cikin wuraren da suka fi ko ina samun rana a Nijeriya, har aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'arta tun 1982. Kuɗin faifan sola kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2020. Wannan shi ne rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Me masu suka ke cewa? Na fari sun ce iska da ƙanƙara suna farfasa shi. Akwai gaskiya a ciki. A watan Maris na 2024 ƙanƙara ta farfasa dubban faifai a wata babbar gonar sola a jihar Texas ta Amurka, masu ƙin sola na can suka yi ta shela. Amma ƙanƙarar nan ta farfasa gilasan motoci da rufin gidaje, ba wanda ya ce a daina hawa mota ko a daina rufi. Faifai na gari a kan gwada shi da ƙanƙara mai faɗin inci ɗaya kafin ya bar masana'anta. Wanda iska ke ɗauka a nan kuwa, galibi wanda aka ɗora ne a kan kwano aka danne da bulo biyu. Wannan laifin mai ɗaurawa ne, ba na rana ba.

Na biyu sun ce ba ya ƙarko. Nan ma sai a rarrabe. Faifai na gari ya kan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Abin da ke mutuwa da wuri shi ne batir, musamman irin na dalma, wanda zafin bazara ke gajarta kwanansa, ya kan gaji cikin 'yan shekaru kaɗan. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe faifai ta kan rage wutarsa, maganinta tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Tsananin zafi ma ya kan rage ƙarfinsa kaɗan, don haka a ke barin sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa. Kuma kasuwa ta cika da na jabu, a rubuta ƙarfi 300 a jiki, a auna a ga bai kai rabi ba. Wanda ya sayi irin wannan don araha, ya zo yana zagin sola, ɗan'uwan mai takardar jabu ne. Injin ban ruwa na sola kuwa ba ya ma bukatar batir, gama da rana a ke ban ruwa.

Na uku sun ce tsada. Lalle kuɗin farko yana da nauyi, ba a musu. Amma mai janareta bai gama biya ba ran da ya saya, ran nan ya fara. Kullum lita, ko wane wata baƙin mai, ko wace damina makanike, ga ƙara, ga hayaƙin da ya sha kashe iyali guda cikin barci in an kunna shi a rufaffen ɗaki. Duk wanda ya iya lissafin tarawa, ya rubuta abin da ya kashe wa janareta a shekara biyu, ya ajiye kusa da kuɗin sola, ya bar alƙalami ya yi hukunci. Har akwai mai cewa faifan ne ke jawo zafi ya kori hadari. Wannan ba ta cancanci amsa mai tsawo ba: farin 1973 ya zo tun ba faifai ko ɗaya a Gobir. In an ji irin wannan magana, sai a dubi bakin da ta fito, a ga ko akwai jarkar fetur a ƙofar shagonsa.

Maƙwabta sun riga sun gane. Nijar ta buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza a 2018. Da Nijeriya ta yanke mata wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ta rage mata raɗaɗi. A Kano ma an buɗe mai megawat 10 a watan Janairu na 2023. Sai ga shi a 2025 ministan kimiyya na lokacin ya ce ana shirin hana shigo da faifan sola don a ƙarfafa masu ƙera na gida. Niyyar ba ta da laifi, amma ba a rufe rijiyar maƙwabci kafin a gina ta gida. Hana shigowa tun masana'antun gida ba su wadatar ba, tsada kawai zai ƙara wa manomi.

Masu yabon sola su ma a ja musu kunne a wuri biyu. Ruwan ƙarƙashin fadama yana da iyaka, in kowa ya bar injinsa yana zuƙa daga hantsi har la'asar don rana kyauta ce, wata rana rijiyoyi za su ƙafe. Sa'an nan tsohon batir guba ne. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi, tun da a 2010 gubarta, wadda ta fito daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Kuma kada wani ya ce Bagobiri ya sa sola don ya biya bashin hayaƙin Turai da Amurka da Sin. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Ya sa ta ne don firjin allurar rigakafi na asibitin garinsu, da famfon burtsatse, da fitilar da ɗansa zai yi karatu, da aljihunsa.

Abin Da Ya Rage

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya buɗe takardarsa yau, ya san ko wace iri ce. Ya sa a bincika masa lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wanda a ke iya dubawa ta wayar hannu, ya tabbata ba jabu aka ba shi ba. In mai gamewa zai saya, ya tambaya da baki, "Ruwa yana ciki? Iska tana ciki?" ya ce a nuna masa a rubuce. In ɓarna ta auku ya ɗauki hoto, ya sanar da kamfani nan da nan, kada ya ta da injin da ya sha ruwa. In an danne masa haƙƙi, NAICOM tana da sashen karɓar ƙara. Shugabannin direbobi, waɗanda ba su taɓa mance karɓar kuɗin tasha ba, su haɗa mutanensu su shiga takaful a ƙungiyance, su hana masu takardar jabu zama a inuwarsu. Kamfanoni su fassara sharuɗɗansu da Hausa, da boko da ajami. Hukuma ta gyara kwalbatoci tun da rani, ta isar da hasashen damina na hukumar NiMet ga hakimai da dagatai, ta kama masu faifan jabu, ta koya wa samari ɗaura shi yadda ya kamata, fiye da kome kuma ta tsare hanya, domin ba inshorar da za ta zauna inda ba aminci. Malamai kuma su bayyana wa jama'a bambancin tawakkali da lalaci.

In an yi duk wannan, sa'an nan ruwa ya zo ya fi ƙarfin dabara, to, a ranar ne mutum zai ce "Allah ya kawo" da bakin da bai yi ƙarya ba, 'yan'uwa kuma su buɗe asusu su share masa hawaye. Kafin nan kuwa, in gemun Jibiya da na Maiduguri sun kama wuta, hankali shi ne Gobir ta shafa wa nata ruwa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Isa da Sabon Birni, ya sa a gane. Amin.